Baba Ya Ce Shi Ɗa Ne

Zuwa ga Yayana Iliya, a Kano,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara da aiki. Mama tana gaishe ka. Baba ma yana gaishe ka, har ya ce lallai in sa gaisuwarsa a farko, ga shi na sa. Ni kuwa Rifkatu, ƙanwarka, tawa gaisuwar ta tarbiyya ce kawai, don kada a ce ba a koya mini ba.

Ka toshe lambata. Ka fita daga zauren danginmu na waya. Saƙon da na aiko ta bakin matarka ka ce kada a ƙara kawo maka irinsa. To ga shi na kawo a fili, inda abokanka da nawa za su karanta. Kada ka ce na tona asirin gida, kai ka fara.

Bari in tuna maka abin da ka yi, tunda ka iya mantuwa idan ta yi maka daɗi. Baba yana kwance a gidanmu na Fadikpe da ciwon hanta. Cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa, tuwo ma sai an dama masa. Ranar da na sanar da dangi, ko sannu ba ka ce ba. Sai ka nemo hoton bikin Saratu, 'yar Kawu ƙanen Baba, wanda aka ɗauki Baba riƙe da ƙwaryar burukutu, ka jefa a zauren dangi, ka rubuta a ƙasa: "Ga mai 'yancin naku. Hanta dai ba ta iya ƙarya ba."

Kafin Lahadi hoton ya zaga majami'armu kaf. Dattawan ikilisiya suka kira Baba, mutumin da ko tsayuwa ba ya iyawa sai da sanda, suka sa shi ƙarƙashin horo. Zai riƙa zama a bencin baya, kuma ba zai karɓi Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, sai magana ta warware. Sun ce da wani ne daga waje ya faɗa, da sun watsar, amma ɗan farinsa ne ya faɗa. Sai kai ka zo gabansu, ko ka tabbatar ko ka janye. Likita kuwa da na tambaye shi ko Baba zai kai ƙarshen damina, kallona kawai ya yi ya ce mu riƙa ba shi abin da yake so.

Ka ji abin da ke ƙasa ke nan, Yaya. Tsoho zai tafi da sunan munafuki a bakin mutanen da ya yi shekaru yana sujada tare da su, an hana shi teburin Ubangijinsa, duk a kan hoton bikin da ko zuwa ba ka yi ba. Tir da wannan aiki.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Rifkatu yarinya ce lokacin, ba ta san kome ba. Ƙarya ne, na sani. Ni ma a gidan na tashi, can ƙauyenmu na gefen Tagwai kafin mu dawo cikin gari. Na san yadda kaji ma kan watse idan Baba ya doso gida da magariba yana waƙa. Na san haƙorin Mama na gaba ba faɗuwa ta yi a bakin rijiya ba, kamar yadda take gaya wa matan zumunta. Na san shekarar da ya kwashe irin doya daga rumbu ya kai gidan giya, muka wuni muna tsintar itace da ganye.

Tabon da ke saman girarka ma a gabana aka yi shi. Ka shiga tsakaninsa da Mama, ya ɗaga ƙotar garma ya sauke maka. Ni na riƙe maka tsumma a goshi har muka isa wurin mai ɗinki, jininka ya ɓata mini rigar makaranta. A makon nan Kawu ya ɗauke ka zuwa Kano, ka bar ni a gidan. Kai ka tafi, ni na zauna. Saboda haka kada ka ƙara koya mini wane ne Baba.

Abin da ba ka gani ba shi ne abin da ya biyo baya, kuma ba ka taɓa tambaya ba. Bayan tafiyarka ya yi ƙoƙarin bari da ƙarfin kansa. Ya yi rantsuwa a gaban dangi, ya koma. Aka haɗa masa saiwoyi masu sa amai, ya sha, ya yi aman, ya koma. Ya ba Mama takalmansa ta ɓoye don kada ya fita, ya fita ba takalmi. Na taɓa ganinsa zaune a kan turmi da rana tsaka yana kuka yana marin bakinsa, kafin la'asar kuma yana can. A ranar na gane ba shi ke shan giya ba kuma, ita ke aikensa.

Wata Talata, ba sujada ba taro, ya shiga majami'a shi kaɗai. Matar da ke shara ce ta gaya wa Mama. Ta ce ya durƙusa a gaban bagade yana magana da yarenmu na Gbagyi da ƙarfi kamar mai kai ƙara, yana cewa shi ya gaza, ba shi da sauran rantsuwa, in akwai mai iya kwance shi ya zo ya kwance. Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara gishiri ba. Abin da na sani shi ne ya dawo gida ya nemi tuwo, ya ci, ya kwanta. Washegari ma haka, da jibi, da mako mai zuwa. Mu kanmu mun daɗe muna jiran ranar da zai koma.

Ka zo baftismarsa, domin Mama ta roƙe ka har da hawaye. Ka tsaya nesa a ƙarƙashin mangwaro a bakin rafin da ke ƙasan madatsar Tagwai, hannu a aljihu, kamar wanda ya zo kallon masunta. Ranar Lahadi aka ba shi dama ya ba da shaida. Ka san Baba da Hausa, a kasuwa ya tsince ta. Harshensa bai san ɗ ba, bai san ƙ ba, mace da namiji duk "ya" ne a wurinsa. Ya ji Fasto yana koyar da cewa wanda Almasihu ya 'yanta ya tashi daga bawa ya zama ɗa, ɗan gida mai 'yanci, kalmar kuwa ta shige shi sosai. Ya miƙe ya ce: "Ni bawan giya ne tun ina saurayi. Amma yanzu ni ba bawa ba ne. Yanzu ni da ne."

Kowa ya gane abin da yake nufi. Tsofaffin mata suna share ido da bakin zane. Kai kaɗai ne, Malam mai Hausar Kano, ka ga abin dariya. Muna fitowa, a gaban mutane, ka ce masa: "Yau dai ka faɗi gaskiya, Baba. Kai dā ne. Mutumin dā, halin dā, ba abin da ya canza." Ka juya wajen samari ka ƙara da cewa a bar tsoho ya yi ta gwaranci.

Gwaranci! Haba, Yaya! Kai ɗan wa ne? Da wane yare Mama ta yi maka rarrashi a goye? Kalmar da ake yi mana ba'a da ita a tashar mota, ita ka ɗauko ka jefi ubanka da ita ranar da ya fi kowace rana farin ciki a rayuwarsa. Baba bai gane wasan kalmar ba a lokacin, murmushi ma ya yi maka. Sai a hanya wani ɗan gulma ya fassara masa. Da muka isa gida, ya ninke farar rigarsa ya sa a akwati.

Daga ranar ka yanke hukuncinka, kuma duk abin da ya faru bayan nan ba ka bar shi ya shiga kunnenka ba. To yau za ka ji.

Hanyar gonarmu ta gaban gidan burukutu take bi, ka sani. Mama ta roƙe shi ya riƙa zagayawa ta bayan makaranta. Ya zagaya na wani lokaci, daga baya ya koma hanyarsa. Tsofaffin abokansa suna zaune a inuwa suna kiransa da sunan shaye-shayensa, suna ɗaga masa ƙwarya. Yakan gaishe su ɗaya bayan ɗaya ya wuce. Na taɓa tambayarsa ko ba ya jin sha'awa. Amsarsa na nan a kaina da irin Hausarsa: "Giya yana kirana kullum. Amma ba shi ne oga na ba kuma. Tsohon oga in ya kira ka, ba dole ka amsa."

Shekarar da ya kira gayya don huɗar doya, ya ce ba burukutu a gonarsa, kunu da zoɓo za a sha. Maza suka ce wace irin gayya ce ba ƙwarya? Ba wanda ya zo sai mutum biyu daga majami'a. Shi da su da Mama da ni muka yi huɗar nan, tafin hannuna yana da kanta har yau. Da ya sa an dafa tukunyar burukutu guda, da gonar ta cika da garemani kafin hantsi. Ya gwammace bayansa ya ƙage.

Ban ce Baba ya zama mala'ika ba. Yana nan da taurin kansa. Har yanzu idan miya ta yi sanyi sai unguwa ta ji. Amma na ga fushi ya taso masa har jijiyar wuya ta miƙe, hannu ya fara ɗagawa, ya sauke shi ya fita waje, ya dawo ya ce wa Mama ta yi haƙuri. Mutumin da muka sani dā ko mutuwa zai yi ba zai ce wa mace ta yi haƙuri ba. Zunubi bai daina ƙwanƙwasa masa ƙofa ba, mabuɗin ne aka karɓe daga hannun zunubin, kuma mu da ke cikin gidan mun ga bambancin.

Yanzu ƙwaryar da ke cikin hotonka. Kai ma ka san al'adar danginmu, kana yi kamar ka manta ne. Idan surukai suka kawo tukunya ranar biki, babban gida ne yake karɓar ƙwaryar farko da hannu biyu, don a san an karɓi baƙi. In ya ƙi karɓa, an ƙi auren ke nan. Tun rasuwar yayansa, Baba Babba, Baba ne babban gida. Ya yi ta juya abin a ransa kafin bikin, har ya je ya yi shawara da Fasto na wancan lokacin, wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Ranar bikin ina tsaye a bayansa riƙe da jakarsa. Ya karɓa, warin ya buge shi. Ya sa wa ango da amarya albarka, ya miƙa wa Kawu, ya goge hannu a wando ya ce in ba shi ruwa. Tsakanin karɓa da miƙawa ne wani ya ɗauki hoton da ka mai da shi shaidarka.

Mun faɗa wa dattawa duk wannan. Mama ta ce musu: "Ni da na kwana da warin nan rabin rayuwata, wa zai sha ya ɓoye mini?" Na kai musu bayanin likita, cewa giyar dā ce ta riga ta cinye hantar, ciwon yakan yi shiru shekara da shekaru kafin ya fito. Suka gyaɗa kai, suka ce mata da 'ya dole su rufa wa nasu asiri. Kawu ya tsufa, ya ce shi ba ya tuna wa ya miƙa masa me. Su ma dattawan ina jin haushinsu, Allah ya sani. Sun yi shekaru suna kiransa ya ba matasa shaida, hoto guda ya girgiza su. Amma ba su suka haifi maganar ba, kai ne.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Baba bai yi gardama ba. Lahadin farko bayan horon na ce kada ya je, jikinsa ba daɗi, kuma ba zan iya kallon idon mutane ba. Ya ce in kira keke. Muka shiga, ya wuce bencin dattawa inda ya saba zama, ya tafi can baya kusa da ƙofa inda ake ajiye tsintsiya. Da aka zo raba gurasa da ƙoƙo, mai rabawa ya iso layinsa ya sunkuyar da kai ya wuce. Mutumin da ya ƙi ƙwarya a gaban duniya, yau ƙoƙon Ubangiji ne aka ɗauke daga gabansa. Ni na fashe da kuka, shi ya taɓa gwiwata ya ce: "Benci na baya ma gidan Ubana ne."

To bari in tambaye ka, kai da ba ka taɓa sa giya a baki ba, kamar yadda kake tuna mana a kowane taro. Kai mai koyar da matasa a majami'arku ta Kano, mai karatu a gaban jama'a da Hausa tatacciya. Wane ne oganka? 'Ya'yanka ba su san fuskar kakansu ba. Matarka ta ce idan aka ambaci Minna a gidanka, ranar ba mai cin abinci cikin daɗi. Duk Kirsimeti sai ka shafa tabon nan ka ba da labarinsa daga farko, har yara sun haddace. Baba ya ajiye ƙwaryarsa tun ban yi aure ba, kai ka sunkuya ka ɗauka, kullum kana kurɓa. Da ta kira ka sai ka amsa, ko sau ɗaya ban ga ka gaishe ta ka wuce ba.

Kuma abin da ka rubuta ba Baba kaɗai ka zaga ba. Cewa ka yi abin da Almasihu ya yi a gicciye bai kai ya kwance mutum irin Baba ba. Cewa ka yi ana iya yafe wa mashayi, amma zai mutu bawa. In haka ne, Yaya, me kake koya wa matasan nan ran Lahadi? Ka tattara ka zauna a gida mana.

Ba na cewa tabonka ƙarya ne. An zalunce ka, an kore ka daga gidanku kana yaro, ba wanda ya isa ya ce ka manta. Ba na ma cewa ka rungume shi. Abu ɗaya nake nema: ka zo ka tsaya gaban dattawa ka faɗi gaskiya, cewa ba ka je bikin ba, ba ka ga kome ba, fushi ne ya rubuta maganar nan. Ranar Lahadin farkon wata ake Jibin Ubangiji. Ban san sau nawa ta rage masa ba, kai ma ba ka sani ba.

Akwai abin da na yi niyyar ɓoye maka, don ba ka cancanci ji ba. Amma Mama ta ce in faɗa.

Tun da ya kwanta, Baba ya sa ni aikin koyarwa. Da safe idan na gama shafa masa mai a ƙafafu, sai ya ce in koya masa harafin nan. Na ce wane harafi? Ya ce wanda Iliya ya yi masa dariya a kai. Ashe duk shekarun nan abin yana ransa. Ya ce: "In ya zo, ina so in fada masa daidai, kada ya ji kunya na kuma." Nakan ce ya danna harshe a bayan haƙora, ya ja shi ciki kamar zai haɗiye. Sai ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya yamutsa fuska, ya ce da. Mu sake, ya ce da. Mama takan yi dariya, daga nan ta tashi ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Na ce masa ya bari, Allah ya ji shi tun ranar farko, bai tambaye shi harafi ba. Ya ce ya sani, ba don Allah yake koyo ba.

Jiya da hantsi keke ya tsaya a ƙofar gida. Baba da ko juyawa ba ya yi sai an taimake shi, ya ɗago kai daga matashi, ya kalli ƙofa, ya ce: "Ɗana ne?" Yaya, harafin ya fito tas, kamar a Kano aka haife shi. Ni da Mama muka kalli juna. Shi bai ma san ya faɗa daidai ba, ƙofa kawai yake kallo. Maƙwabciyarmu ce ta dawo daga kasuwar Sabon Gari da buhun gawayi.

Na ji haushi ƙwarai. Sau ɗaya tak harshen tsohon nan ya yarda, kuma bai kashe shi a kan kansa ba, a kanka ya kashe, kai kuwa ba ka nan. Na fita bayan gida na yi kukana, na dawo na ce masa hanya ce ba kyau, wataƙila sai gobe.

Kada ka mai da ni maƙaryaciya, Yaya Iliya. Ni ce Rifkatun da kake goyawa mu tsallake rafi idan ruwa ya cika, wadda kake ɓoye wa wutsiyar kifi a aljihu. Ban manta ba, shi ya sa abin yake mini zafi haka.

Ubangijin da ya ji Baba ran Talatar nan ba kowa a majami'a, ya ji ka kai ma. Ya karɓe ƙwaryar nan daga hannunka, ya warkar da abin da ke ƙarƙashin tabon, ya ba ka ƙarfin jin kiran tsohon oga ka wuce. Ya riƙe numfashin Baba har ka iso, ya komar da shi teburinsa da sunansa a wanke. Ni kuma ya sassauta mini wannan fushi, don na san shi ma yana neman ya zama ogana. Amin.

Ƙanwarka da ke fushi da kai, wadda kuma ta riga ta share maka ɗaki,

Rifkatu
Fadikpe, Minna